Tambaya da Amsa: Faifan da ya shekara 30 a ajiye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan yayata ya turo mini waƙoƙin wani faifai mai suna Colour Green, na wata Sibylle Baier, ya ce masana waƙa suna yabonsa ƙwarai. Da na saurara, muryar mace da jita kawai na ji, ga kuma wani shuuu a bayan sautin kamar na tsohon kaset. Wace ce ita, kuma me ya sa ake girmama aikin da ko situdiyo bai shiga ba? Daga wata mai karatu, Gadarif, Sudan.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sibylle Baier Bajamushiya ce, kuma a cikin gidanta ta ɗauki waɗannan waƙoƙi 14 da Turanci, tsakanin 1970 da 1973, a kan rikoda mai zaren tef. Ba ta nemi suna da su ba. Ta koma Amurka da zama, ta duƙufa ga renon 'ya'yanta, tef ɗin kuwa ya ci gaba da zama a ajiye. Sai bayan kimanin shekara 30 ɗanta Robby ya juye waƙoƙin a faifan sidi don ya raba wa dangi, kwafi ɗaya ya shiga hannun wani mawaƙin Amurka mai suna J Mascis, shi kuma ya miƙa wa kamfanin faifan waƙa na Orange Twin, wanda ya fitar da faifan a 2006.

Shuuu ɗin da kika ji daga jikin tef ɗin yake fitowa, kuma ya fi bayyana idan mai waƙa ta sassauta murya, kamar yadda ita take yi. A situdiyo akan maimaita ɗauka har sai an share duk wani aibi, amma a nan za ki ji jan numfashinta kafin ta shiga baiti, za ki ji yatsunta suna gogar tsirkiya. A ganina darajar faifan ke nan: mace ce ke rera wa kanta waƙa game da gajiyar aiki da kewa da tafiya, ba tare da tunanin kasuwa ba.

Ai mu ma mun san irin wannan sauti. Ki tuna kaset ɗin da iyayenmu kan ɗauka su ba alhazai su kai wa dangi a Makka, inda tsohuwa ke jero gaisuwa, ana jin carar zakara da ƙarar daka a bayanta. Wanda aka kai wa saƙon bai taɓa kukan rashin tsabtar sauti ba, hawaye yake sharewa.

Shawarata ita ce ki sake sauraronsa da dare, lokacin da gida ya yi tsit, kada ki tsallake ko waƙa ɗaya. Idan kuma akwai irin waɗancan kaset a akwatin mahaifiyarki, ki sa ɗan yayar taki ya juye su a waya tun yanzu, domin zafin Gadarif da ƙura suna lalata zaren tef.