Tambaya da Amsa: Na Sa Na'urar Lantarki Mai Sarrafa Matsin Turbo, Amma Allura Ta Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da mota mai injin fetur mai silinda huɗu da turbo, kuma shekara biyu ke nan ina amfani da ɗan bawul na hannu, irin wanda ake murɗawa, domin ƙara matsin iskar da turbo ke turawa cikin injin. Kwanan nan na cire shi na sa na'urar lantarki, saboda na gaji da buɗe bonet ina gyara shi duk lokacin da yanayi ya sauya. Sifirin ɗin ƙofar hayaƙin turbo na bar 0.5 ne (bar ma'aunin matsi ne), ni kuwa ina son matsin ya tsaya a bar 1.0. Yanzu idan na taka totur a giya ta huɗu sai allurar agogon matsi ta yi tsalle zuwa 1.3, ta faɗo 0.9, sannan ta riƙa hawa da sauka, a giya ta biyu kuma ko 0.9 ba ta kaiwa. Na'urar ce ba ta da kyau, ko kuwa in koma wa bawul ɗina na dā?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Alamun da ka lissafa ba su nuna lalacewar na'ura ba, sun fi kama da na'urar da aka ɗora wa saiti mai yawa tun ba a san inda motar ta tsaya ba. Kafin komai ina roƙonka ka daina taka motar har ƙasa sai an gyara saitin, domin tsallen nan zuwa bar 1.3, ko da na rabin daƙiƙa ne, yana iya zuwa a lokacin da man da ke shiga silinda bai kai gwargwadon iskar ba, kuma a irin wannan lokaci ne fistin ke tsagewa ko gaskit ya ƙone.

Sanin yadda abin yake aiki shi zai sa kowane saiti ya yi maka ma'ana. Hayaƙin da ke fita daga injin shi ke juya turbo, ƙofar hayaƙi kuwa aikinta ta karkatar da wani ɓangare na hayaƙin ya wuce ta gefe idan matsi ya kai inda ake so. Sifirin ne ke riƙe ƙofar a rufe, matsin iska kuma yana bi ta cikin siririn tiyo ya tura wani tantanin roba har ya rinjayi sifirin ɗin, ƙofar ta buɗe. Bawul ɗinka na dā da na'urarka ta yanzu duk aiki ɗaya suke yi, wato su hana wani kaso na matsin isa ga tantanin, ta yadda ƙofar za ta jinkirta buɗewa. Bambancin shi ne na'urar lantarki tana yin haka da bawul mai maganaɗisu wanda ake kira solenoyid, yana buɗewa yana rufewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma kason lokacin da yake kunne shi masu sana'ar ke kira diyuti. A haɗin da aka saba, idan diyuti ya ƙaru matsi ya ƙaru. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a 1982 kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya fito da tsarin APC a motocinsa masu turbo, wanda ke rage matsi da kansa da zarar ya ji injin ya fara ƙwanƙwasa, wato mai yana fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na'urar ba za ta iya saukar da matsi ƙasa da ƙarfin sifirin ba, sai dai ta ɗaga shi sama. Sannan iyawarta tana da iyaka, domin abin da masu saitin injuna suka saba bi shi ne kada a nemi fiye da ninki biyu na ƙarfin sifirin, in ba haka ba hayaƙin da kansa yakan fara ture ƙofar ta buɗe ba da umarnin kowa ba. Kai da kake neman bar 1.0 a kan sifirin na 0.5 kana bakin wannan iyaka daidai, kuma a ganina sifirin na bar 0.7 zai sauƙaƙa maka aiki ƙwarai, ya ba ka matsi mai natsuwa da diyuti kaɗan.

Ka fara da duba haɗin tiyo kafin ka taɓa kowane maɓalli. Tiyon da ke kai iska ga solenoyid ya fito daga bakin turbo, ya kasance gajere iya yiwuwa, domin dogon tiyo yana jinkirta isar matsi ga tantanin, kuma jinkirin nan kaɗai ya isa ya haifar da tsallen da kake gani. Tiyon sensar na'urar kuwa ya fito daga manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silindoji, bayan totur, kada ya haɗa hanya da na solenoyid. A ɗaure bakin kowane tiyo da kilif, a nisanta solenoyid daga zafin turbo. Ina nanata batun ɗaurin ne saboda idan tiyon da ke zuwa ga tantanin ya kwance, babu abin da zai buɗe ƙofar hayaƙi, matsi kuma zai yi ta hawa har sai kwamfutar mota ta yanke mai ko wani abu ya fashe.

Daga nan ka kashe na'urar gaba ɗaya ka taka motar sau ɗaya a giya ta uku. Idan haɗin daidai yake, allura za ta tsaya kusa da bar 0.5 ba ta wuce ba, kuma wannan gwaji shi ke tabbatar maka cewa duk ranar da waya ta tsinke ko fiyus ya ƙone, motar za ta koma kan matsin sifirin ne, ba za ta haura ba. Idan ka ga ta wuce haka nesa alhali na'ura a kashe take, to mai yiwuwa an juya bakunan solenoyid, sai a gyara kafin a ci gaba.

Saiti na farko da za ka sa shi ne iyakar kariya, wadda ke saukar da diyuti idan matsi ya wuce adadin da ka ƙayyade. Ka ajiye ta a bar 1.1 ko kaɗan sama da haka. Na san mutane da yawa suna barin wannan sai ƙarshe, wasu ma ba sa sa shi sam, kuma abin yana damuna, domin shi kaɗai ne zai tsaya tsakaninka da asara a ranar da ka yi kuskuren lamba.

Sai diyuti. Ka mayar da kaifin gyara, wanda ake kira gein, zuwa mafi ƙanƙanta, haka ma saitin da ke riƙe ƙofa a rufe kafin matsi ya taso. Ka fara da diyuti na kashi 20 cikin ɗari, ka taka daga wajen juyi 2,500 a minti har kusa da jan layi, wato iyakar juyin injin a agogo, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka ƙara kashi 3 zuwa 5 ka sake. Kada ka yi mamaki idan ƙarin farko bai motsa allura ba, daga baya kuma ƙari ɗan kaɗan ya ɗaga ta da yawa, domin hawan ba a miƙe yake ba, kuma kusa da inda kake nufa ya kamata ka rage ƙarin zuwa kashi 1 ko 2. Duk gwajin a yi shi a giya ɗaya, ta uku ko ta huɗu. Dalilin da ya sa giya ta biyu ba ta kai maka 0.9 ba shi ne injin yana gudu ya kai jan layi kafin turbo ya sami nauyin da zai cika, alhali a giya ta huɗu nauyi ya yi yawa, lokaci kuma ya isa. Wanda ya yi saiti a giya ta biyu har ya sami bar 1.0, lalle zai wuce gona da iri a ta huɗu, kuma ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Wurin da ya dace da wannan aiki shi ne kan daino, inda motar ke ɗaure tayoyinta na juya nadi, ko filin tsere da aka rufe, domin giya ta huɗu a jan layi gudu ne da bai halatta a kan titin jama'a ba.

Bayan diyuti ya kawo ka kusa da bar 1.0 sai ka waiwayi gein. Aikinsa shi ne ya faɗa wa na'urar irin ƙarfin da za ta yi gyara da shi idan matsi ya kauce daga abin da aka nema. Idan ya yi ƙasa, matsi yakan zube a juyi mai yawa ba tare da an tallabe shi ba, idan kuma ya yi yawa na'urar takan wuce wuri a gyaran, ta dawo ta sake wucewa ta ɗaya gefen, wanda shi ne hawa da saukan da ka kwatanta. Ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har ka ga allura ta fara rawa, sannan ka ja baya. Saitin riƙe ƙofa kuwa ka bar shi ƙasa da abin da kake nema da kamar bar 0.3, domin idan ya matso kusa ƙofar ba ta samun lokacin buɗewa, tsalle kuma ya dawo. Kamfanoni irin su HKS da GReddy da Turbosmart kowanne yana da sunan da yake ba waɗannan saituna, wani lokaci ma ma'anar gein takan ɗan bambanta, saboda haka littafin na'urarka ya kasance a hannunka.

Akwai abin da ba ka ambata ba a wasiƙarka, kuma ya fi duk abin da na faɗa nauyi, wato mai. Fetur yana ƙonewa daidai ne a kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na mai, amma a ƙarƙashin matsin turbo ana son man ya fi haka yawa, wato iska kashi 11.5 zuwa 12 kan kashi 1 na mai, domin rarar man tana sanyaya silinda ta hana ƙwanƙwasa. Agogon matsi ba zai nuna maka wannan ba, sai sensar hayaƙi mai faɗin awo. Bar 1.0, wato kusan psi 14.5, yana nufin injin yana shaƙar kusan ninki biyu na matsin iskar duniya, kuma dole famfon mai da injekta, masu fesa mai cikin injin, su iya biyan wannan buƙata ba tare da injekta sun wuce kashi 85 cikin ɗari na iyawarsu ba. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ka ɗaga ƙafa nan take. Game da sauyin yanayin da ya gajiyar da kai, na'urar za ta magance shi ne kawai idan tana da tsarin da ke auna matsi yana gyara kansa, kuma ka kunna shi bayan diyuti ya zauna daidai. Idan diyuti kaɗai take bi, za ka ga matsi ya ɗan ƙaru a lokacin sanyi kamar yadda bawul ɗinka na hannu yake yi.

TAMBAYA: Ni kuma tawa matsalar daban ce. Tun da na sa salansa mai faɗi, matsi yana ta hawa a hankali idan juyin injin ya wuce 5,000, ko da na sauke diyuti zuwa sifili. Wace na'ura ce za ta tsayar da shi?

AMSA: Babu na'urar da za ta tsayar da shi, Malam, domin ƙofar hayaƙinka ta riga ta buɗe iyakar buɗewarta, ramin ne ya yi ƙanƙanta ga yawan hayaƙin da sabuwar salansa ta ba hanya. Sai dai bakanike ya cire turbo ya faɗaɗa ramin ƙofar, yana kula kada faɗin ya wuce murfin da ke rufe shi, ko a sa ƙofar hayaƙi ta waje mai girma a kan manifol ɗin hayaƙi. Kafin a yi ɗayan biyun, ka tabbatar sandar da ke jan ƙofar tana tafiya har ƙarshe ba ta tokare da komai, kuma ka riƙa sauya giya kafin juyi ya kai 5,000.