Daga Teburin Malam: "Boko", "Alcohol" da Sauran Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan kalmomin Turanci suke da abin da ƙamus ya ce a kansu. To, bismillah.

Malam, malaminmu ya ce kalmar "alcohol" daga Larabci take. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ɗana. Asalinta "al-kuhl", wato kwalli, wannan dai da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido. Turawa sun fara kiran duk wani gari mai laushi da sunan, daga baya suka mai da shi kan duk abin da aka tace, har ya tsaya a kan sinadarin da ke sa maye a cikin giya. Ka ga tafiya daga tandu zuwa kwalba.

Malam, ashe ba daga "book" aka samo "boko" ba? Haka na ji a rediyo.

Kai ma ka ji? Ni na gaji da ji. Na ji a rediyo, na gani a jarida, har a bakin masu digiri na ji, kowa na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar a gabansa aka raɗa wa kalmar suna. Dalilinsu ɗaya ne: kalmomin biyu sun yi kama. To ai kama da wane ba ta wane ba.

Mu bi ta kan sauti. Bahaushe ya ari "cook" ya ce kuku. Ya ari "wool" ya ce ulu. Wasalin da ke cikin "book" shi ne a cikin waɗannan biyun, don haka da aro aka yi, da "buku" za mu ji. Kuma me zai kai Bahaushe aron sunan abin da yake da shi? Littafi na hannunsa ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya iso.

Sannan ka buɗe ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery na 1934. Nawa yana nan kusa da ni, bangonsa ya rabu, gara ta ɗan taɓa gefe, amma shafin "boko" lafiya lau. Ma'anonin da ke wurin na algus ne da yaudara da nuna abu ya fi yadda yake. Wanda ya taɓa sayen hatsi ya san wannan: tsaba mai kyau a saman buhu, ka zura hannu ƙasa ka damƙo ƙaiƙayi da tsakuwa. Tsofaffi kuma sun san amaryar boko, yarinyar da ake lulluɓewa a ɗora a kan doki ana guɗa, alhali amaryar gaskiya an bi da ita ta wata hanya. Ga kuma biri-boko, wanda har gobe muna faɗa. Wane littafi ne a cikin biri-boko?

Abin da ya faru a fili yake. Da Turawa suka kawo makarantarsu da baƙaƙensu, mutanen da suka saba da allo da ajami suka dube shi a matsayin karatun bogi, suka ce karatun boko. Kalmar raini ce, ta daɗe har rainin ya goge, yau uba na alfahari ɗansa ɗan boko ne. Farfesa Paul Newman, masanin harshen Hausa, ya rubuta maƙala a kan wannan a 2013, lokacin da jaridun duniya ke ta yayata zancen "book" saboda rikicin Boko Haram a Arewa maso Gabas. Amma ina, ƙarya ta riga ta yi nisa.

Mene ne "cousin" da Hausa?

'Yata, faɗi wanda kike nufi: ɗan baffa, ɗan kawu, 'yar gwaggo ko 'yar inna. In ɗan mace da ɗan namiji ne, taubashi. Turanci ne ya tara su a kwando ɗaya, mu ba mu tara ba.

Na ce wa wani Bature "sorry" da ya yi tuntuɓe, sai ya ce ai ba laifina ba ne. Ina kuskurena?

Sannu kika so ki ce, Hajiya, kuma Turanci ba shi da ita. Ƙamus zai ba ki ma'ana biyu, nadama da tausayi, amma a irin wannan wurin kunnen Bature nadamar yake fara ji. Shi tambaya zai yi ko mutum bai ji ciwo ba. Laifin na masu buɗe ƙamus ne su ɗauki kalma ɗaya su kafe. Ɗalibaina ma haka suke, su latsa waya, su kwafi ma'anar farko, ta biyu da ta uku ko oho.

An ce "severally" ba ta nufin "sau da yawa". To me ya sa 'yan majalisa ke faɗa?

A Turancin Ingila tana nufin kowa daban, ɗaya-ɗaya, kuma lauyoyi suka fi riƙe ta, inda ake cewa bashi na kan mutane a haɗe kuma yana kan kowannensu shi kaɗai. 'Yan Najeriya ne suka juya ta. Da can da na ce maka kuskure ne kawai, amma a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, wannan ma'anar na ciki, tare da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Ƙamus ba alƙali ba ne, magatakarda ne, abin da ya ji mutane na faɗa yake rubutawa. Ni dai in ka rubuta min ita a jarrabawa zan ja layi da jan biro, Oxford ta zo ta same ni a ofis.

Wane karin magana ne daidai da "once bitten, twice shy"?

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.