Amsa kan ƙididdigar liginin da ta haura kima a ɓawon itace

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun da safe, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin auna liginin, wato sinadarin da ke sa itace tauri, a ɓawon kaɗanya da hanyar Klason, ya ba ki kusan kashi 60 cikin ɗari, kin sake har sau uku bai sauka ba, malaminki kuma ya ƙi karɓa. Ki kwantar da hankalinki. Malaminki na da gaskiya, amma ba hannunki ne ya kuskure ba. An tsara hanyar ne don katako, ke kuwa ɓawo kike riƙe da shi.

Abin da ya same ki ya same ni a farkon aikina a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Jos. Da marfin kwalba na kok, wato ɓawon bishiya mai laushi marar nauyi, nake gwaji, na zargi sikeli, na zargi asid, na ɓata mako biyu. Ashe hanyar Klason ba ta san liginin da suna ba. Salfurik asid mai ƙarfin kashi 72 yana narkar da selulos, wato sinadarin zaren tsiro, da danginsa, duk abin da ya rage a matata sai a kira shi liginin. A katako wannan ya yi daidai. A ɓawo mai kok kuwa akwai subarin, wani sinadari mai kama da kitse da kakin zuma wanda ke hana ruwa shiga, asid ba ya cinye shi, sai ya zauna tare da liginin a auna su gaba ɗaya.

Dubi kok na asali, wanda ake ɓarewa daga bishiyar Quercus suber a Fotugal da Sifaniya da Maroko duk shekara 9. Binciken da Helena Pereira ta Lisbon ta fitar a 1988 ya nuna subarin kusan kashi 39 ne, liginin kusan 22, selulos da danginsa kusan 18, abubuwan da ke narkewa a wanki kusan 15. Haɗa 39 da 22 ki gani. Ga 60 ɗinki nan.

Don haka asid shi ne na ƙarshe. Ki fara kankare sashen waje mai kaushi daban, kada ki haɗa shi da jan ɓawon ciki mai ƙaro. Ki busar, ki niƙa, ki tankaɗe tsakanin raga mai lamba 40 da 60. Sai wanki a Soxhlet, na'urar gilas da ke ta zagaya ruwan wanki ta cikin garin, daki-daki: daikuloromitan, sannan itanol, sannan ruwa.

Cire subarin shi ne inda aikin yake. A dafa garin cikin mitanol mai ɗauke da sodiyam mitoksaid kashi 3 na awa 3, tururin yana komawa cikin tulun. Don Allah mitanol ya zama marar ruwa, kuma kada ki haɗa wannan ke kaɗai, ki sa ma'aikacin ɗakin ya tsaya miki, domin sodiyam da ruwa wuta ne. Za ki gane aikin ya yi tun da ido: garin da bai rabu da subarin ba yana yawo a saman asid ya ƙi jiƙa, wanda aka cire masa kuwa nan da nan yake sha.

Sannan Klason: awa 1 a digiri 30, ana juyawa da sandar gilas, a tsarma zuwa kashi 4, a sa a tukunyar matsi awa 1 a digiri 121. Kada ki dogara da zafin ɗaki. Sanyin Jos a Disamba da Janairu yana rage ƙarfin aikin asid, selulos ya rage, nauyi ya ƙaru. Kaskon ruwa mai riƙe zafi dole ne. Ruwan da kika tace ma kada ki zubar, akwai liginin da ya narke a ciki, ana auna shi da hasken UV a tsawon zango na nanomita 205. Ragowar kuma ki ƙona ta a tanderu ki cire nauyin toka.

Akwai kuma tanin, irin wanda majema ke nema a bagaruwa. Shi ma yana daskarewa cikin asid ya shiga lissafi. Wasu na wanke shi da soda, wato sodiyam haidroksaid, mai kashi 1 da zafi. Ni ina yi da taka-tsantsan, don yana iya tafiya da ɗan liginin, kuma in kin yi sai ki rubuta a rahotonki.

Kada ki matsa wa kaɗanya sai ta ba ki 22, ita ba bishiyar Fotugal ba ce. Ki rubuta busasshen nauyi bayan kowane mataki, a tanda mai digiri 105, ki turo nan mu duba tare kafin ki kai wa malam. Allah ya ba da sa'a.