Kejin Hawainiya: Yaya Zan Faɗaɗa Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Hawainiyar da nake kiwo ta girma, akwatin gilashinta ya yi mata kaɗan. Wane irin keji ya dace? Daga wani mai karatu a Marwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ka fara da rabuwa da gilashin nan. A watan Afrilu zafin Marwa yakan wuce digiri 40, gilashi kuwa yana riƙe zafi, ya hana iska shiga.

Hawainiya mai hawa ce, tsayi ya fi mata faɗi amfani. Ka sa kafinta ya haɗa firam na katako mai faɗin santimita 60 kowane gefe, tsayi 120, a rufe shi da ragar roba. Ragar ƙarfe mai ƙananan idanu takan kama mata farce idan ta hau. A ɗora kejin bisa tebur, ƙafafun teburin a cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa, ƙofar kuma da sakata saboda kyanwa.

A ciki a gicciya rassan gwaiba masu kaurin yatsa, a sa tukunyar shuka mai ganye inda za ta ɓuya. Ban da shukar da ake kira kariya, tana da guba.

Ruwa ne inda masu kiwo suka fi kuskure. Ba ta sha a kwano, ɗigon da ke kan ganye take lasa. Ka huda gorar roba da allura, ka ɗora a saman kejin ta riƙa ɗiga, ka kuma fesa ganyen safe da yamma, musamman da hunturu. Idan idanunta suka faɗa ciki, ƙishirwa ce.

Ta sha hantsi, amma rabin kejin ya kasance a inuwa. Kada ka haɗa biyu a keji ɗaya, faɗa suke yi.