Tambaya da Amsa: Wane kulocin fanka ya dace da tsohuwar GMC mai ɗaki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da mota mai ɗaki ƙirar GMC ta shekarar 1976, wadda na gada daga kawuna, kuma da ita nake kai iyali Ɗa'ifa shan iska idan zafi ya tsananta. A bana, da mun fara hawan dutse sai allurar zafi ta tashi, haka nan idan muka tsaya a cunkoso. Wani bakanike a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya ce kulocin fanka ne ya mutu, wato na'urar da ke haɗa fankar injin da famfon ruwa, ya ba ni zaɓi biyu: ko in sayi mafi ƙarfi da ke kasuwa, ko ya ɗaure tsohon ya riƙa juyawa tare da injin. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya jiƙan kawu, domin ya bar maka abin da ba kowa ke da shi ba. Kamfanin GMC ya ƙera irin wannan mota ne daga 1973 zuwa 1978 a garin Pontiac na jihar Michigan a Amurka, kuma ta 1976 tana ɗauke da injin Oldsmobile 455 mai silinda 8, wato kimanin lita 7.5, wanda ke jan ƙafafun gaba. Injin da ya kai wannan girma, a ƙarƙashin ɗaki mai nauyi, yana hawa zuwa garin da ya ɗara teku da wajen mita 1,800, ba ya yafe wa fanka mai kasala.

Shawarar ɗaurewa dai ka ajiye ta gefe. Fankar da aka ɗaure tana cin ƙarfin injin da fetur ko da ba a bukatarta, tana gajiyar da bel da boris ɗin famfon ruwa, kuma a babban gudu tsohon reshenta na iya tsagewa ya faɗa wa lagireto.

Kafin ka fitar da riyal ko ɗaya, ka tabbatar da laifin. Da safe, injin a kashe kuma a sanyaye, ka tura reshen fanka da hannu: mai lafiya zai ɗan yi maka gardama ya tsaya nan kusa, mataccen kuwa zai yi ta zagayawa kamar fankar ɗaki. Ka duba fuskarsa ko akwai maiƙo da ƙura ta manne a kai, alamar man silikon da ke ciki ya tsiyaye, sannan ka girgiza reshen gaba da baya ka ji ko yana lilo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan kuloci ba zafin ruwa yake ji ba, zafin iskar da ta ratso lagireto yake ji. A goshinsa akwai wani ɗan nannaɗaɗɗen ƙarfe mai kama da na cikin agogo, wanda idan iska ta kai wajen digiri 75 zuwa 80 a ma'aunin Celsius yakan murɗa ya buɗe wa man hanya, sai fanka ta kama da ƙarfi. Saboda haka, idan tsakiyar lagireto ta toshe da tsatsa ko gishirin ruwan famfo, iskar da ke isa gare shi ba za ta yi zafi ba, kuma sabo fil ma zai yi shiru alhali injin na tafasa. A ganina, motar da aka ƙera tun 1976 ta cancanci a wanke mata lagireto kafin a ɗora wa kuloci laifi.

Idan ya tabbata shi ne, ka sayi mai wannan ƙarfe a goshi, kada ka karɓi mai sauƙin kuɗin nan da ba ya jin zafi. Kamfanoni irin su Hayden sun kasa shi mataki uku. Na talakawan motoci yana juya fanka da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gudun famfon ruwa idan ya kama, na manyan motoci yana kaiwa 70 zuwa 90, sai kuma na aiki mafi tsanani, wanda ya fi su jiki da nauyi. Ni na tsakiyar zan zaɓa maka. Mafi ƙarfin yana sanyaya injin, babu musu, amma injin motarka yana ƙarƙashin ƙafafunku ne tsakanin kujerun gaba, kuma a zafin Hijaz zai riƙa kamawa kusan koyaushe, ƙararsa ta hana ku jin maganar juna tun daga Jidda har ku isa. Ga shi kuma an yi na tsakiyar da mafi ƙarfin ne domin fanka mai zurfin lanƙwasar reshe, wajen inci 2.5, don haka a auna taka tukuna.

Ka tafi shago da tsohon a hannunka. A gwada ramin tsakiya da ke zama a kan famfon ruwa, da tazarar ramukan kusoshi na ɓangaren famfo da na fanka, da tsayinsa, domin wanda ya fi tsayi zai matsa kusa da lagireto ya kuma sauya mazaunin fanka a cikin murfinta, alhali kamata ya yi kusan rabin reshe ya kasance a ciki. Ka kuma tambayi ɓangaren da yake juyawa, saboda injinan GM (uwar kamfanin GMC) na baya-baya masu dogon bel guda ɗaya da yawansu suna juya fanka ta akasin hanya, kuma a ido kulocinsu ya yi kama da naka. Na gwanjo daga tashlih, wurin farfasa tsofaffin motoci, ban ba ka shawara ba, haka nan zancen ƙara masa mai, wanda ake yi wa na Toyota don ana iya kwance shi. Irin naka a rufe yake daga masana'anta.

Bayan an ɗaura, idan ka ji ruri na minti ɗaya ko biyu da zarar ka tayar da injin da safe, kada hankalinka ya tashi, man ne da ya kwanta cikin dare yake komawa mazauninsa. Rurin da za ka saurara shi ne wanda zai zo a tsakiyar hawa, ya ɗan jima, allura ta sauko, sannan ya lafa da kansa.