Motocin kwamfuta na zarcewa a kwanar hanya ɗaya a wasan tseren mota na Assetto Corsa

Ɗan'uwa, ka ce a wata hanyar tsere da ka sauke, motocin da kwamfuta ke tuƙawa kullum sai sun zarce cikin ciyawa a kwanar hanya guda. Laifin ba na motocin ba ne, na bayanan hanyar ne.

Shiga jakar hanyar, ka buɗe jakar data, ka nemi ai_hints.ini, fayil ɗin da ke ba motocin kwamfuta umarnin tuƙi a hanyar. Kafin ka taɓa komai, kwafe shi ka ajiye gefe. A ciki rubuta [HINT_0], sannan START da END, wato farko da ƙarshen wurin da za su rage gudu, sai kuma VALUE. Wasan yana auna zagaye daga 0 zuwa 1, wato 0.5 tsakiyar zagaye ke nan. Sa START ɗan gabanin inda ake taka birki, ba cikin kwanar ba. Nan mutane da yawa ke kuskure. VALUE ƙasa da 1 yana rage musu gudu. Fara da 0.9, ka gwada, ka riƙa saukowa kaɗan-kaɗan, don in ka zafafa za su riƙa rarrafe su tare maka hanya.

In kuma layin da suke bi ne karkatacce, wannan ba zai warkar ba. Sai ka sake naɗar fast_lane.ai, fayil ɗin layin da suke bi, da tuƙinka, zagaye mai tsabta.