Na ci 23 cikin 25, amma likita ya ce in dawo

Assalamu alaikum Gwaggo.

Na gaji da awo, wallahi na gaji. Shekara shida ke nan da likitan ƙwaƙwalwa ya ce ina da ciwon nan mai hawa da sauka, bayifola. Tun ranar na zama buhun masara, kowa da kwanonsa yana auna ni. In na yi dariya da ƙarfi, Baban yara ya ce, "Kin sha maganinki kuwa?" In na yi shiru, Hajiyarsa ta aiko a dubo ko abin ne ya motsa. Ba dama in yi fushi irin na kowa, ba dama in yi murna irin ta kowa.

Makon jiya a asibiti aka miƙo mini takardar nan mai tambayoyi biyar: a sati biyun nan ina cikin fara'a, hankalina a kwance yake, ina da kuzari, ina tashi garau da safe, harkokina suna ba ni sha'awa. Na cika tsakanina da Allah. Aka lissafa, 23 cikin 25. Bara 6 na samu, aka yi ta jajanta mini. Na ce alhamdulillahi, yau zan kai gida shaida. Sai likita ya dubi takardar, ya dube ni, ya yi ta tambayoyi, ya ce a ɗibi jini, in dawo bayan sati ɗaya tare da maigidana. To mene ne amfanin takardar? Na faɗi, mara lafiya. Na ci, mara lafiya. Su fa suka kawo jarabawarsu.

Ni dai na san lafiyata ƙalau. Ankon biki na mutum goma sha biyu na ɗinke cikin kwana biyar, tunda yanzu barcin awa uku ma ya ishe ni, har na kwashi adashena na sa a kawo mini keke biyu. Maimakon Baban yara ya yaba, sai ya ɓoye katin bankina. Ni yarinya ce? Ashirin da uku fa, Gwaggo. Wa ya fi ni sanin abin da ke raina?

'Yarki daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata.

Ban ji bakin maigidanki ba, don haka ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Amma koma kan wasiƙarki, wurin da kika ce barcin awa uku ya ishe ki. Kin saka shi a tsakiyar zancen anko kamar ba komai. Ni a nan na tsaya, kuma na yi imani likitanki ma a nan ya tsaya.

Takardar da kika cika ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, WHO-5 ake ce mata, tun 1998 ake aiki da ita. Kowace tambaya maki 0 zuwa 5, kuma duk wanda ya gaza 13 ana ƙara bincikarsa saboda ciwon damuwa. Shi ya sa ta kama ki bara. Gwana ce wajen gano wanda ya nutse. Amma wanda ciwon ya fara ɗagawa sama, me zai amsa? Fara'a ga ta, kuzari ga shi, komai yana ba shi sha'awa. Tsaf zai cinye ta. Raguwar barci ba tare da gajiya ba da sakin hannu da kuɗi suna cikin alamun farko na hawan ciwon. Wannan ɓangaren yana da nasa ma'auni, irin wanda ake kira ma'aunin Young na 1978 mai abubuwa 11, kuma likita ne ke cika shi yana lura da barci da saurin magana, domin mai hawa shi ne na ƙarshen ganewa. Katin nan, ki yi haƙuri, da ni ce shi da na ɓoye. Sai dai da na faɗa miki, tare da ranar da zan mayar.

Ku kuma masu karatu, musamman mazaje da surukai, ku saurara. "Kin sha maganinki?" a gaban yara ba kulawa ba ce, gori ne. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Carol Ryff, ta lissafa ginshiƙan walwalar zuciya guda shida a 1989, ciki har da mutum ya yarda da kansa, ya iya yanke shawarar kansa, ya ji daɗin zama da mutanensa. Kun rushe mata uku, sannan kuna cewa ta samu sauƙi don ta daina hayaniya? Wanda ya yi lakwas a ɗaki bai warke ba, ku ne kuka huta.

'Yata, kada ki jira satin ya cika in barcin bai dawo ba, ki koma gobe, kuma kada ki taɓa maganinki da kanki. Ajiye ƙaramin littafi a gefen gado, kullum ki rubuta awa nawa kika yi barci da yadda kika tashi, ki riƙa kai wa likita tare da takardarsa. Ranar da kuka je, ki sa likita ya faɗa wa Baban yara alamun da zai riƙa lura da su, dariyarki kuma ya ƙyale miki. Mai kekunan nan, ki kira shi ya dakata zuwa wata mai zuwa.

Gwaggonku